Wuƙar Bahaguwa

A Mai Wurno, bayan kasuwa, inda hanya ke gangarawa kogi,
nan kakana Cindo ya kafa uwar maƙerarsa
tun ba a haifi uwata ba.
Ni na taso yanar ido ta fara rufe masa gani.
Hannun kuwa bai tsufa ba.

Wata Laraba Batula ta zo,
mai suyar kifi a bakin tasha,
ta dire wuƙar kanti gabansa kamar mai kawo ƙara:
"Duba, zille mini take. In na nufi gabas sai ta yi kudu."
Bai taɓa wuƙar ba. Ya ce, "Miƙo hannu."
Ta miƙa dama, don ladabi.
Ya ce, "Ba wannan ba, wanda ke ci da ke."
Ta yi dariya, ta ba shi hagu.

Ya auna tafin da ɗan kara,
ya shafa kantar da ke gindin manuniya,
ya tambayi abin da take yankawa:
karfasa da safe, albasa buhu guda a mako,
kuɓewa in kaka ta yi, siriri-siriri don shanya.
"Ƙashi fa?"
"Ƙashi na gatari ne."
"Madalla. Kin san hakkin ƙarfe."

Ƙarfen sifirin wata lori ne
da ta gaji a hanyar Damazin.
Shekara nawa yana dakon buhunan riɗi,
ya san nauyi, ya san ya lanƙwasa ya dawo.
Na zuga, gawayin bagaruwa ya yi ja,
masaba ta fara magana.

Ya bar gadon baya da kauri daga ƙota,
ya bi shi yana ragewa har tsini
yadda jelar kifi take.
Ya ba ta ɗan ciki, don ta riƙa rausaya kan katako,
ya ɗaga dunduniya, kada yatsu su daki faranti.
Kaifin kuwa, can ya karkatar da shi:
ya ci gefen hagu da magagari, ya bar ɗayan a miƙe,
wai kowace wuƙa da ɓangaren da take kwanciya.

Sai aikin da ba ya iyawa shi kaɗai.
Bayan ta sha mai ta yi tsit, ya goge ta,
ya ɗora bayanta bisa garwashi,
ya ce, "Zo ka zama idona."
Na tsuguna. Shekarata tara.
"Me ka gani?"
"Fari."
"Yanzu fa?"
"Kamar karan dawa da ya bushe."
"Jira."
Numfashina ya tsaya.
"Zuma, Kaka! Zuma na gangarowa baki!"
Caraf ya tsoma ta a ruwa.
Ya ce da na ƙyafta ido sau ɗaya, da ta koma shuɗiya,
da sai dai a yanka sabulu da ita.

Ƙota daga aduwa, ƙusa uku na jan ƙarfe,
ya fafe gurbin babban yatsa
a gefen da mai dama ba zai so ba.
Gwaji: gashin hannunsa, sannan nunannen tumatir
da ya rabu biyu bai san an yanka shi ba.

Batula ta biya rabi kuɗi, rabi kifi.

Bara na koma. Rumfar ta zama shagon cajin waya.
A tasha na ga wata yarinya tana gyaran karfasa da hagu.
Wuƙar ta sirance, wasawa ta cinye cikinta,
ƙusa ɗaya ta faɗi, an ɗaure da zare.
Na ce ta ba ni in gani. Ta ɓoye ta bayan zani:
"Ta kakata ce. Ba ta jin hannun kowa."
Ban ce mata komai ba.
Na sayi kifi biyu, na tsaya gefe
ina kallon zumar da na gani tana aiki.