Murhun da Ba Hayaƙi

Da safe a Gummi na tsaya gaban allo,
alli a hannu, yara sittin da huɗu,
na zana ganye ɗaya, na ce musu:
"Wannan madafa ce.
Ba itace, ba toka, ba hayaƙi.
Rana ce wutarta.
Saiwa ke ɗebo mata ruwa a ƙarƙashin ƙasa,
iskar da muka fesar ita ce cefane,
tana shiga ta ƙananan kafofi a bayan ganye
waɗanda ido ba ya gani.
A dafa sukari, a aika wa kara da zangarniya,
a maido mana iskar numfashi
kyauta, ba ciniki."

Namakka, na ƙarshen benci, ya ɗaga hannu:
"Malam, to da dare fa?"
Na ce, "Da dare murhu na hutawa,
sai a ci ɗumame."
Aji ya ɗauki dariya. Shi bai yi ba.
Da aka tashi ya tsaya yana murza bakin riga:
"Malam, ni ma da dare nake mutuwa.
Magariba na faɗuwa sai in yi ta karo da turmi."

Dundumi.
Na san shi a littafi,
na san sinadarin da ya yi ƙaranci, har harafinsa.
Sai dai littafi ba shi da lambu.

Da la'asar na ja shi fadama, bakin gulbi,
wurin Gwaggo Tumba, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba.
Mun same ta duƙe tana tugar gyaɗa.
Ta kakkaɓe saiwa, ta nuna mana ƙurajen jikinta:
"Inda wagga ta kwana bana,
baɗi gero ka yin kai."
Na ce, "Wasu halittu ne ƙanana a ciki,
suna kamo taki daga iska."
Ta ce, "Kai riƙe sunansu, ni na riƙe aikinsu."

Ta ɗaga haɓar yaron, ta leƙa idonsa.
"Mi kaka ci?"
"Tuwo."
"Da mi?"
Ya yi shiru, ya kalli ƙafarsa.

"Tuwo ƙarfin ɗaga fartanya ne," in ji ta,
"amma ba a gina ɗaki da wuta.
Wake da gyaɗa da tarwaɗar gulbin nan,
su ne tubalin jiki.
Ganye kuwa mai gadi ne,
in ya yi barci ɓarawo ya shigo ta ido."

Ta yanko kabewa, cikinta ja kamar faɗuwar rana,
ta zago zogale cike da zane,
ta ce a gaya wa uwarsa
kada ta dafe shi har ya yi baƙi,
kuma ta ɗiga mai, ko cokali guda,
don abin da ke cikinsa ba ya tafiya sai da ɗan rakiya.
Ran kasuwa ni na sayi hanta,
na naira nawa, ba zan faɗa ba.

Sati uku ban tambaye shi ba,
tsoron amsa nake yi.
Ran wata Laraba ya zo da wuri, yana haki:
jiya bayan isha allurar innarsa ta faɗi a tsakar gida,
kuma shi ya tsince ta.

Mun dasa reshen zogale a bayan aji.
Awaki sun cinye shi sau biyu.
Yanzu mun kewaye shi da ƙaya,
Namakka ke ba shi ruwa da butar alwala,
kuma jiya na ƙirga:
ganye goma sha ɗaya sun hura wuta.