Abin da Sikeli Bai Auna Ba

Ni ce mai riƙe littafi a gwanjon Orval.
Shekara goma sha tara ina rubuta abin da mutane suka biya,
ba abin da kaya suka kai ba.

Asabar ɗin nan, a zauren 'yan kwana-kwana na garinmu a Nebraska,
dusar ƙanƙara ta cinye rabin hanya,
amma kujeru sun cika maƙil,
don kayan marigayi Sedlacek ne aka baje:
garma, agogon bango, tukwanen matarsa,
da gwangwanin kofi shaƙe da dalolin azurfa.

Haskett ya taso tun daga Omaha da ɗan sikelinsa.
Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya taɓe baki:
"Bugun alif ɗari tara da ashirin da ɗaya ce.
Miliyoyi aka zuba irinta.
A shagona suna nan jibge har tsatsar ido suke sa ni.
Talatin da biyu, ko sisi ban ƙara ba."
Gaskiya ya faɗa,
kuma ita kaɗai ce ba ta sami mai tayi ba ranar.

Orval ya ɗaga ta sama, fitila ta mare ta,
ya saki harshe kamar ruwan sama a kan rufin kwano:
talatin, da biyar, wa zai ce arba'in?

Verna Kubicek ta ɗaga katinta.
A shekarar aka haifi babanta.
Ya taɓa damƙa mata irinta ranar da ta gama firamare,
ta kashe a alewa da kallon majigi.
Shekara sittin ke nan tana neman inda za ta biya bashin.

Wani saurayi daga baya ya ce hamsin.
Bai yarda da banki ba, bai yarda da takarda ba,
abin da zai gwada da haƙori yake so,
ya binne a bayan rumbu, ya yi barci.

Sai Lyle. Sai Gaylord.
Su biyun babu ruwansu da azurfa.
Shinge ne tsakaninsu, da saniyar da ta tsallake shi
tun gashin kansu yana baƙi.
Lyle ya ce sittin yana kallon sili.
Gaylord ya sosa kunne,
Orval ya lissafa susar a saba'in.
Zaure ya yi tsit, tukunyar kofi kaɗai ke magana.
Wa zai janye a gaban mutanen da suka san kakansa?

Guduma ta sauka a tamanin da biyar.
Na ɗora la'ada, na rubuta sunan Gaylord.
Ya karɓa yana dubanta a tafin hannu
kamar ɗan kokawar da ya yi kaye
ya waiga ya ga ba a sa komai a gasar ba.

"Kafin bazara zai kawo mini ita," in ji Haskett,
"in ba shi talatin, ya yi godiya."
Ya naɗe sikelinsa ya fita.
Saura sittin da uku a gwangwani,
babu wadda ta tafi a kuɗin da ya faɗa.

Na san lissafi. Aikina ne.
Na san nauyin azurfa, na san farashin safiyar nan.
Amma ta ƙarshe, wadda fuskarta ta shafe sumul,
da ita Sedlacek yake ƙwanƙwasa teburin shagon shayi
in yana son a ƙaro masa.
Ina jin ƙarar tun ina yarinya.

Na ajiye biro. Na ɗaga hannu.
Orval ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba,
ni kuma na rubuta hamsin da biyar
a gaban sunana, da hannuna.