Shafi Biyu a Bakin Mersey

Ba ni da bindiga. Alƙalami gare ni,
da littafi, da tagar da aka manne da takarda
don kada gilashi ya watso mana in bam ya faɗi.
Shafin hagu na jiragen da suka iso Liverpool.
Shafin dama na waɗanda teku ta riƙe.

Shekara uku damar ce ke shan tawada.
Mista Hargreaves ya karanto suna, in rubuta,
ya goge tabarau, ya karanto na gaba.
Jirgin alkama. Jirgin mai. Jirgin ulu da man shanu.
Wata Talata ya kai kan wani suna ya tsaya,
ya ce, Maud, je ki sha shayi.
Na ce, karanto.
Cormac na ciki, ƙanena, mai zuba kwal a bakin wuta,
wanda ya bar ni da safa ƙafa ɗaya a kan allura.
Na rubuta jirginsa da kyakkyawan rubutu.
Hannuna sai da dare ya fara rawa.

Masu kwanto a ƙarƙashin ruwa sun iya farauta,
ban taɓa musun wannan ba.
Su kan jira inda jirgin samanmu ke juyawa gida
don mansa ya ƙare,
a nan suke yanka mu kamar kaji a akurki.

Ban san ranar da abin ya juya ba.
Babu wanda ya buga ƙararrawa.
Na dai ga sunaye sun fara yi mini wuyar rubutawa:
Torleif daga Norway, mai haƙori ɗaya na zinariya,
Mozid Ullah daga Sylhet, da ke salla a bayan buhunan sukari,
wani Lucien na Kanada da ke zagi da harshe biyu,
'yan Poland, 'yan Girka, 'yan Sin masu tsaron injin.
Da dare su ba hamata iska a mashaya
kan wa ya fi binne 'yan uwa.
Da asuba igiya ɗaya suke ja.

Sai munanan jirage suka fara shigowa,
duk kama ɗaya, kamar ƙwan kaza guda.
Aka ce mata ne ke walda su a wancan ƙetaren,
kafin a nutsar da ɗaya an tura biyu ruwa.
Aka ce jirgin sama yanzu ba ya juyawa,
yana raka su har tsakiyar duhu.
Aka ce akwai akwati mai gani cikin hazo.
Wasu sun ce ana karanta wasiƙun abokan gaba,
Hargreaves ya ce in kama bakina.
Na kama. Lissafi dai ba ya raɗa.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi,
amma yawan nan da mutane aka biya shi,
kuma ni ce mai riƙe da rasit.

Wata Juma'a, ana yayyafi,
jirage talatin da ɗaya suka tashi daga Halifax,
talatin da ɗaya na ƙirga a bakin kogi.
Na sake ƙirgawa da yatsa kamar 'yar makaranta.
Shafin dama fari fat.
Hargreaves ya cire tabarau bai goge ba.

Yaƙi bai ƙare ba, da sauran shekara biyu
da sauran uwaye masu jiran ɗan aike.
Amma a daren nan na ɗauko allura
na ƙarasa ɗaya ƙafar.
Zaren farko ya ƙare, na cika da ruwan toka.
Mozid na ba, don na ga yatsunsa a waje.
Ya juya su, ya ce launin bai zo ɗaya ba.
Na ce, sa haka nan, ɗumin ɗaya ne.