Layin Gawayi

Shekara talatin ina dafa shayi a Lobuce,
inda itace ba ya tsiro, sai dutse da ƙanƙara.
Makamashina kashin shanun tsauni ne, masu gashi har gwiwa.
Dubbai sun kwana a ɗakin nan, na manta fuskokinsu,
amma wanda ya shigo daren Laraba ban manta shi ba.

Birkha sunansa, ɗan kwari, ɗan gonar shinkafa,
igiyar dako ta yi masa kanta a goshi.
Tafiyar kwana shida ya haɗiye a kwana uku,
don kuɗin kaya ake biyansa, ba na kwana ba.

Na zuba masa miyar tafarnuwa.
Ya zuba mata ido kamar mai bin sa bashi.
Na ce, “Kanka fa?” Ya ce, “Lafiya lau, Inna,”
hannunsa kuwa na matse da ƙeya.
Na san irin wannan lafiyar.
Mai tsoron a sallame shi daga aiki
ko kansa zai rabe biyu, ba zai faɗa ba.

Sai na ɗauki gawayi, na ja layi a daɓe.
“Taka min nan, diddige na taɓa yatsa.”
Taku ɗaya, taku biyu,
ya yi tangaɗi, ya rungumi bango,
shi da ko ɗigon giya bai sha ba.

Can tsakar dare tari ya tashe ni.
Ƙirjinsa na ɓararraka kamar tukunyata,
leɓɓansa sun yi shuɗi,
kumfa ja-ja a gefen bakinsa.
Ya kira ni da sunan matarsa.
Shugaban ayari ya leƙo cikin bargo,
ya ce a bari gari ya waye.
Na ce, “Wanda na bari ya jira safiya a wancan gadon,
safiyar ta zo, ba ta same shi ba.”

Ɗana Tenduk ya zazzage kwandon dako,
takalman baƙi, gwangwanaye, littattafai, duk a ƙasa.
Muka naɗe Birkha, muka zaunar da shi ciki.
Mai ɗaukar kayan mutane yau shi ne kayan.
Na riƙe fitila a gaba,
ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin sawunmu,
muna gangarawa, ina ƙirga numfashinsa,
ina yi masa faɗa don kada ya yi shiru.
Sau biyu Tenduk ya durƙusa, bai sauke shi ba.

A Ferice likita ta rufe masa hanci da iskar kwalba.
Kafin hantsi ya buɗe ido,
abin da ya fara tambaya: ina kayan?
Dariya ta zo min, ban iya yin ta ba.

Tun ranar, duk wanda ya zauna gaban murhuna sai ya ji:
ka hau a hankali, jini ba ya son a kora shi.
Ka ba hanya kwanan hutunta.
Da rana leƙa sama, da dare dawo ƙasa ka kwanta.
Sha ruwa, bar kwalbar giya sai ka sauka.
In kai ya sara, abinci ya gundure ka, kada ka ƙara taku sama.
In ƙafa ta fara musu da kai, juya, ko da duhu ne.
Tsaunin nan ya girmi kakan kakana,
jiranka na shekara guda ba zai gajiyar da shi ba.

Da bazara sai ga shi, da lemo biyar a aljihu.
Ya ce kwana takwas ya yi a hanya.
Ya shanye miya kwano biyu, ya suɗe cokali.
Duk da haka na nuna masa daɓe.
Ya taka layin har ƙarshe, ya juyo yana rawa.
Har yau ina share ɗakin kullum,
wurin nan kaɗai tsintsiyata ba ta taɓa bi ba.