Tsarabar Fas

Kwana sha tara suka yi, su biyu,
Arzika baduku da Tankari mai albasa.
Motar Yamai ta sauke su Tawa da la'asar,
kafin isha an baje tabarmi a ƙofar gidanmu,
ni aka bar wa butar shayi da gawayi.

Aka ce, to, yaya Fas?

Tankari, da ba ya jira a ƙare tambaya, ya ce:
Gari ne da aka gina tun ba a san mota ba,
har yau kuma bai ba ta hanya ba.
Lungu ya haifi lungu, shi ma ya haifi wani,
wani sai ka karkace kafaɗa.
Alfadari ke kai tukunyar gas gida-gida,
mai shi na biye yana "Balak! Balak!"
Na zaci sunan dabbar ke nan.
Sai da ta goge ni da bango
na gane cewa yake in kauce.

Ciniki kuwa, a bar musu kayansu.
Mutum ya zaunar da kai, ya miƙo shayi da ganye har baki,
ya tambayi lafiyar tsohuwarka da bai taɓa gani ba,
kafin ka farga ka sayi bargo.
Na ɗaga albasarsu, na jinjina, na shinshina.
Da buhu ɗaya na Galmi zai isa can
da sun san abin da ke sa mai girki hawaye.
Kuma dodon koɗi suke ci, na rantse,
a kwano, da ɗan tsinke.

Aka yi dariya, aka sha na farko.
Arzika na murza yatsunsa.
Sai da na biyu ya zagayo ya ce:

Da sassafe yara ke fitowa da katako a ka,
ƙullin burodi lulluɓe da ƙyalle,
duk unguwa tanda ɗaya.
Mai gashi bai tambayi kowa daga ina ba,
ya san tambarin yatsan kowace uwa.

Bangonsu ta waje kamar na matsiyaci.
An buɗe mana wata ƙofa, ƙarama, sai da na duƙa.
Ciki ruwa na tsalle a tsakar gida,
ga lemo da 'ya'ya.
Su a ciki suke yin ado.

Ran Laraba na ɓace wa Tankari.
Hanci na bi.
A bakin majema wani yaro ya ba ni na'ana'a
wai in toshe wari.
Na mayar masa.
Warin rigar babana ne, shekara talatin ban ji shi haka ba.

Na sauka. Wani tsoho cikin rami, ruwa har cinya.
Bayan sallama ba mu da kalma ɗaya tare.
Na kama fatar, na matsa, na ja gefenta.
Ya dubi farcena.
Ya daɗe yana duba.
Sai ya miƙo min wuƙar karta, ya matsa gefe.
Har azahar muna aiki.
Shi kashin tattabara, ni na zana masa bagaruwa a ƙasa,
ya gyaɗa kai kamar ya san ta,
ko kuwa kara ya yi mini, oho.

Tankari ya ce, ziyara fa muka je, Arzika.
Ya ce, na yi, ai kana gefena,
har na roƙa maka kasuwa.

Ya zaro wata fatar akuya daga aljihu,
rawaya, ba ta kai tafi biyu ba.
Ta zaga hannu-hannu.
Wani ya ce za ta yi gidan laya,
wani ya ce nawa.
Ya karɓe abarsa ya ninke.

Na uku ya ƙone, na shagala.
Tana nan rataye bisa ƙusa a rumfarsa, kusa da almakashi,
har yau bai yanka ba.