Kwata Ɗaya

Asabar a Sheffield, ruwa ya ɗauke da hantsi.
Na kifa keken a bayan gida, tayoyi sama
kamar kunkurun da yara suka birkice.
Na zare batir tukuna. Sau ɗaya sarƙa ta cije ni,
ɗan yatsan bai manta ba.

Tun Laraba take tsallake haƙori,
ƙaras, ƙaras, a tudun Crookes,
shinkafar wani tana hucewa a bayana.
Injin yana turi da ƙarfin jaki uku,
ita kuwa siririya, ba a yi shawara da ita ba.

Tsohon buroshin haƙori, tsumma daga rigar Tanimu.
Baƙin mai yana fita da gishirin titi.
Ɗigo ɗaya ga kowace gaɓa;
in ya yi yawa, datti ya samu masauki.

Sai ɗan kunnen wayar giya.
Sagir mai faci, can bakin tasha, ya ce min ina yaro:
kar ka murɗa kamar mai faɗa,
kwata ɗaya, sai ka saurara.
Na murɗa. Na juya feda da hannu.
Ta yi gardama a ta huɗu.
Kwata kuma.

Yanzu ƙarfe yana hawa ƙarfe,
ɗaya bayan ɗaya, kamar carbi a hannun dattijo.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga da kofin shayi,
wai ya gyaru?
Na nuna mata tafina, baƙi ƙirin.
Waya ta yi ƙara a aljihu:
oda ce, daga can saman tudun.