Gashin Ƙwai Ba Katanga

Likita ya rubuta da jan biro:
ban da fulawa, ban da sukari.
Baffa ya ninke takardar gida huɗu,
ya cusa ta a naɗin hularsa.
Daga asibiti har Jekadafari
bai ce da ni uffan ba,
mutumin da ya yi shekara arba'in
ba ya karya kumallo sai da burodi.

Kwana tara yana juya cokali a kwano,
ya ture, ya ce ya ƙoshi.
Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Sai Rifkatu 'yar Billiri, maƙwabciyarmu,
da ta daɗe tana girki a otal,
ta leƙo ta kan katanga:
"Akwai wani gashin ƙwai, kish ake ce masa.
Asalinsa da kwaɓin fulawa ake gina masa gindi da bango.
Ke ki bar ginin. Zai tsaya."
Baffa ya ji kamar an ce ƙishi,
ya miƙa mata moɗa.

Damina ce, zabi na ta zuba.
Na sayo takwas.
Ƙwan zabo akwai taurin kai,
sai na buga sau biyu a bakin turmi
kafin ya yarda ya ba da abin da ke cikinsa.
Albasa ta sa ni hawayen da na daɗe ina riƙewa,
na bar ta ta ɗauki laifin.
Attaruhu ɗaya tak.
Tumatirin Kwadon, na ƙwaƙule 'ya'yansa.
Alayyahu na turara, na matse a tafin hannu
har ya daina ɗiga,
don ruwa ne ke rushe abin da ba shi da bango.
Bandar kifin Dadin Kowa kuwa
na zauna na tsince ƙayarta ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafar biki.
Madarar Adda Jebbu, ludayi uku,
na kaɗa har hannuna ya yi tsami.

Wutar lantarki ta tafi tun Talata,
balle ma ba mu da tanda irin ta otal.
Na sauko da tukunyar Inna
da ba wanda ya taɓa tun rasuwarta,
na shimfiɗa yashi a gindinta,
na shafe kwanon silba da man shanu,
na juye, na rufe,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Rifkatu ta ce kar in buɗe.
Na buɗe sau biyu.
Na farko ruwa ne tsululu yana kallona.
Na biyu ya kumbura kamar mai fushi.
Aka kira La'asar, na yi salla rabin hankalina na madafa,
Allah Ya yafe.
Da na soka tsinken tsintsiya ya fito a bushe,
sai na sauke.
Ya saki numfashi, ya lafa.

Nan ne fa zuciyata ta buga:
kife kwano a kan faranti.
Ba abin da ke riƙe da shi sai kansa.
Ya girgiza.
Ya girgiza kuma.
Ya tsaya,
rawaya da kore, gefe guda ya ƙone.

Baffa ya gutsura, ya daɗe yana tauna.
"Gishiri bai ji ba," in ji shi.
Ya jawo farantin gabansa,
ya juya shi, ya nemo wajen ƙunar.
"Innarki ma nan take ƙonawa.
Tukunyar ce ta karkace."

Da safe mai burodi ya wuce a kan babur
yana matsa oda kamar kullum.
Baffa ya waiwaya, ba zan ɓoye ba,
ya bi shi da ido har kwana.
Sannan ya ce, "Ƙwan nan,
saura nawa?"